Rawanin Yayana da Wuyan da Ba a Duba Ba

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da mu mutanen birni muke kai marasa lafiyarmu.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka ara mini hankalinka na ɗan lokaci.

Sunana Isiyaku. Ina koyarwa a wata firamare a Ƙofar Kuyambana, gidanmu kuma yana Kusfa. Na yi ta sintiri zuwa ofishinka don mu yi wannan magana ni da kai, amma kullum masinja sai ya tare ni da cewa kana mitin, ko ka fita zagayen marasa lafiya, in dawo gobe. Takalmina ya gaji, ni ma na gaji. Shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, tunda ita babu masinja a bakin ƙofarta.

Maganar ta yayana ce, Malam Ɗahiru. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma shi ya riƙe ni tun da mahaifinmu ya rasu. A unguwa na'ibin liman ne, don haka ba ka ganinsa a waje sai da rawani, amawali ya zagaye haɓa ya rufe wuya. Amma limanci ba ya ciyar da gida. Abincinsa a bakin allura yake, ɗinkin hannu na manyan riguna, aska biyu da aska takwas, irin wanda mutum zai zauna a zaure wata da watanni a kan riga guda. Da wannan allura ya ciyar da mu, da ita ya kai ni makaranta har na iya rubuta maka wannan takarda. Yau babban yatsansa na dama da manuninsa ba sa sanin allura tana tsakaninsu sai ya duba da ido. Ga yadda aka yi.

Farkon daminar bana, da hantsi, yana dawowa daga zanen suna a kan kekensa. A daidai Ƙofar Kibo, inda hanya ta matse, wani mai babur ya shigo a guje ta hannun hagu, ya manta tuni an koma tuƙin dama. Yaya ya kauce masa, ƙafar keke ta faɗa rami, ya tafi da ka ya bugi gindin wani gini. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗan suma, da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo yana tambayar ina ne nan. Goshi ya fashe, amma ba sosai ba. Aka cicciɓe shi hannu da ƙafa aka sa a bayan wata a-kori-kura, kansa a cinyar wani bawan Allah, motar tana faɗawa ramuka har ƙofar asibitinku. Kowa a wurin magana ɗaya yake yi, wai rawani ne ya cece shi, da babu shi da kan ya rabe biyu. Gaskiya ne ya tare kai. Sai dai duk hankali ya tafi kan kai, aka manta da abin da ke ɗauke da shi.

Ni ina cikin aji aka aiko mini, kafin in iso an gama komai. Abin da zan faɗa game da wannan safiya daga bakin Yaya na ji shi, da bakin maƙwabcinmu da ya raka shi. Sauran kuwa da idona na gani. Kukana huɗu ne.

Na farko. Ma'aikacin jinyar da ya karɓe shi ɗan unguwarmu ne, magidanci da iyalinsa, wanda ya yi karatun allo a zauren gidanmu a gaban Yaya. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ina roƙo kada a je a huce a kansa. Da ya ga wanda aka shigo da shi sai ya durƙusa ya gaishe shi. Ya tura rawanin baya kaɗan da yatsa biyu, iyakar yadda zai ga ciwon, ya wanke, ya ɗinke, ya manna filasta, yana ta "Sannu Malam, a gafarce ni Malam." Bai warware rawanin ba. Wane ɗan birni ne zai miƙa hannu ya tuɓe wa malaminsa rawani a gaban jama'a, ga mata zaune a kan benci suna kallo? Ni da nake ƙaninsa, har zuwa wancan lokaci hannuna bai taɓa kaiwa kan rawaninsa ba. Wannan tarbiyya ce, kuma mu muka koya masa ita. Amma asibiti ba zaure ba ne, kuma ku ne ya kamata ku nuna masa inda ake ajiye ta idan an shiga ɗakin duba mara lafiya.

Sai likita ya zo, saurayi mai hanzari, layi a bayansa har waje. Ya haska masa tocila a ido, ya tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ya sa aka kai shi ɗakin hoto. A can Yaya da kansa ya ɗaga saman rawanin aka ɗauki hoton kai, sauran yana naɗe a wuya yadda yake. Hoto ya nuna ƙashin kai lafiya lau. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta ɗan girgiza, ba mai tsanani ba, a je gida a huta, in ya yi ta amai ko barci ya yi masa nauyi a dawo da shi. Ban musa wannan ba, a kan kai ya faɗi daidai. Amma daga shigar Yaya har fitarsa babu hannun da ya taɓa wuyansa, babu bakin da ya tambaye shi ko wuya yana juyawa. Ina tambaya, ranka ya daɗe, mutum ya tafi da ka ya bugi gini da nauyin jikinsa duka, ta ina ƙarfin bugun zai bi in ba ta wuya ba? Ni lissafi nake koya wa 'yan aji uku, ban karanta likitanci ba, amma wannan bai fi ƙarfin tunanina ba.

Na biyu. An tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. An tambaye shi ko akwai wani wuri da ke ciwo, ya ce alhamdu lillahi. Aka karɓi wannan aka wuce. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a cikin birnin nan ya san dattijo ko numfashi yake ja da ƙyar haka zai ce, balle malami a gaban wanda ya taɓa ɗora wa karatu. Ba ƙarya yake yi ba, haka aka raine shi, raki a wurinsa abin kunya ne. Sa'an nan akwai yadda mai rawani yake waiwaye. Ba ya fizgar kai, da kafaɗa da ƙirji yake juyowa gaba ɗaya, a hankali. Ran nan Yaya ya juya haka ne don wuyan ya ƙi, amma duk wanda ya gan shi natsuwar malamai ya gani. Maƙwabcinmu har yabawa ya yi, wai a dubi Malam, ko a asibiti bai saki dattakunsa ba. Ku da kuke aiki a cikinmu ya kamata ku san cewa manyanmu ba sa kawo ciwonsu a baki, sai an laluba da hannu.

Kuma da yake an ce mana kai ne kaɗai, babu wanda ya ja mana kunne game da wuya. Kun san abin da ake yi a gidajenmu idan ciwon kai ya ƙi tafiya. Dangi suka ce jini ne ya taru saboda bugun, aka kira wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya. Ya dafa kan ya sunkuyar da shi yadda zai ji daɗin aiki. Bayansa wani mai tausa ya zo ya murɗa wuyan dama da hagu, wai iska ce ta shige. Duk a daidai wurin da ya kamata a bari ko ƙuda kada ya sauka. Da wani a cikinku ya buɗe baki ya ce kada a taɓa wuyan nan, wallahi da babu wanzamin da zai tsallake zaurenmu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wanzamin nan bai ji nauyin komai ba. Yana ajiye zabirarsa ya ce, "Malam, a sauke rawani," Yaya ya sauke, don kowa ya san aikinsa ke nan. Wanzami ya iya faɗin wannan, asibiti guda ya kasa.

Na uku. Matarsa, Yaya Rabi, ita ta fara lura. Wata rana na shiga gaishe ta ta janye ni gefe ta ce, "Isiyaku, yayanka fa allura tana faɗuwa daga hannunsa bai sani ba. Jiya ya soke yatsa har jini ya ɓata rigar mutane, sai da na nuna masa." A masallaci ma mutane suka soma gani. Idan ya ja salla, wajen sallama ba ya iya karkata kai, sai ya juyo da kafaɗa duka. Idan zai taso daga sujada sai ka ga ya dakata kamar mai ɗauke da tulu a ka. Ga ciwon kai daga ƙeya zuwa goshi, ga jiri.

Na mayar da shi asibitinku, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowane zuwa sai mu yini a layi, mu tarar da sabuwar fuska, a duba kati a ga an rubuta bugun kai, shi ke nan magana ta ƙare. A ce ai haka bugun kai yake, ciwon kai da jiri sukan daɗe, a yi haƙuri. A ba mu asfirin mu koma gida. Na ce to yatsun fa? Wani ya ce tsufa ne da yawan zaman ɗinki. Wani kuma, da na matsa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne likitan ko ni?" Na haɗiye, don mara lafiya a hannunsa yake. Amma na fita raina yana tafasa, kuma har yanzu bai huce ba. A duk zuwan nan Yaya yana zaune da rawaninsa, ana magana a kansa, babu wanda ya ce a buɗe. Haka damina ta shige, masu riguna suka soma zuwa suna karɓar kayansu ba a gama ba, don su kai wani zauren kafin salla. Yaya yana miƙa musu yana ba su haƙuri, kamar shi ya yi laifin.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na kasa yin shiru. Ana gab da kama azumi muka sake zuwa, sai layi ya kai mu gaban wata likita mace, baƙuwa daga wata ƙasa, wadda ko "sannu" ba ta iya ba. Na yi mata bayanin yatsu da ɗan Turancina. Ba ta katse ni ba. Ta ɗauki fil ta taɓa babban yatsansa, Yaya yana kallon bango bai san an taɓa shi ba. Sai ta juya ta gaya wa tafintan asibitin a cire duk abin da ke kansa da wuyansa. Tafinta ya dubi ƙasa, ya sosa kunne, ya ce wa Yaya wai ko Malam zai ɗan sassauta amawali. Ta sake maimaitawa, ya sake kewayewa. Da na ga za a koma gidan jiya sai na daure na ce, "Yaya, cewa ta yi a cire rawanin duka."

Ya ce, "To, ai sai a cire. Da ma wa ya ce in cire na ƙi?"

Ya ɗaga hannun dama bai kai ba. Ni na warware masa, ina naɗe yadin a damtsena. Ta tsaya a bayansa ta bi ƙashin wuyan da babban yatsanta, gaɓa bayan gaɓa. Da ta iso wani wuri, mutumin da ban taɓa jin nishinsa ba tunda nake, ya runtse ido ya saki salati da ƙarfi. Nan take ta hana shi motsi, ta sa aka tallafe masa kai aka kai shi ɗakin hoto a kwance. Hoto ya nuna ɗaya daga ƙasusuwan wuyan ya tsage, ya ɗan goce, yana danne jijiyar da ke sauka zuwa hannu. Ta ce mini yawancin ciwon kan da jirin da aka yi ta ɗora wa ƙwaƙwalwa daga wuyan suke tasowa, don alamun biyun suna kama da juna, kuma shi ya sa ake duba su tare. Ta ce mu gode wa Allah, da ƙashin ya ƙara gocewa da ba maganar yatsu muke yi ba, da maganar ƙafafu ce. Na tambaye ta ko yatsun za su dawo. Ta ce jijiya ta daɗe a danne, ba za ta yi mini alkawari ba.

An kwantar da shi, aka ja wuyan da nauyi na wani lokaci, sa'an nan aka sa masa wata kwala mai tauri da ke riƙe haɓa. Ba a daɗe ba ciwon kan ya lafa, jiri ya tafi. Wannan ma a asibitinku aka yi, kuma na gode. Amma ka duba, ranka ya daɗe. Injin da ya ɗauki hoton wuya shi ne ya ɗauki hoton kai, a ɗaki ɗaya, a kan gado ɗaya. Tsakanin inda hoton farko ya tsaya da inda tsagar take bai kai faɗin tafin hannu ba. Ba kayan aiki kuka rasa ba, ba ilimi kuka rasa ba. Duk waɗanda suka san darajar Yaya sun girmama shi sun sallame shi da karyayyen wuya, sai wadda ba ta san ko shi wane ne ba ta ce a tuɓe. Ina jin kunyar rubuta wannan, kuma ina jin haushinsa.

Ba diyya nake nema ba, ba kuma so nake a kori kowa daga aiki ba. Abin da nake roƙo shi ne ka kafa doka da bakinka, wadda kowane ma'aikaci zai sani, cewa duk wanda aka kawo ya bugu a ka, ko da ya shigo da ƙafarsa yana murmushi, sai an buɗe wuyansa an duba. Liman ne, alkali ne, hakimi ne, ko tsohuwa mai lulluɓi, wadda sai a samo mata mace ta duba ta. A sa labule a wurin, yadi ne kawai da igiya. Idan doka ce, ɗan unguwarmu zai iya durƙusawa ya gaida malaminsa, sa'an nan ya miƙe ya ce, "Malam, a gafarce ni, doka ce." Ka sauke masa wannan nauyi, don shi kaɗai ba zai iya sauke wa kansa ba.

Ina kuma roƙon a daina karɓar "da sauƙi" daga bakin dattijo a tsaya nan. A tambaye shi yatsu, a tambaye shi ko yana iya sallama a salla, a tambayi wanda ya rako shi. Idan za a sallami mutum, a gaya wa danginsa da Hausar da za su ji cewa ban da ƙaho a ƙeya, ban da tausa, kuma in hannu ya soma mutuwa a dawo a ranar. Idan sun dawo, a sake dubawa daga fari, kada kati ya riga likita yanke hukunci. Kuna da hanyar masu unguwanni da ta rediyo, ku yi amfani da su ku koya wa jama'a yadda ake ɗaukar wanda ya faɗi da ka, tunda babura sai ƙaruwa suke yi kuma ƙofofin birni ba su ƙara faɗi ba. Shi kuma Yaya, ina roƙon a tsayar masa da likita ɗaya da zai ci gaba da bin hannun, a daina jefa mu daga wannan tebur zuwa wancan.

Yaya bai so in rubuta wannan takarda ba. Ya ce, "Isiyaku, abin da Allah ya rubuta ne, ka ƙyale mutane." Na ce na yarda faɗuwar daga Allah take, amma dubawar an ba mutane ita a hannu. Can ya ce in dai sai na rubuta, to in gaya muku rawani yadi ne, a kasuwa ya saye shi, kuma da an tambaye shi da ya sauke tun ranar farko.

Riga ɗaya ta rage a zauren, tawa ce, wadda ya fara mini kafin faɗuwar, don ita babu mai zuwa karɓa. Kowace safiya Yaya Rabi takan zura masa zare ta aiko da allurar. Ya shimfiɗa rigar a cinya, ya kama allura yana kallon yatsunsa don ya tabbata tana nan, ya yi 'yan ɗinkuna. Sai ya ɗaga rigar gaba ɗaya zuwa fuskarsa, tunda ba ya iya sunkuyawa, ya duba, ya warware abin da ya yi. Kwalar da kuka sa masa tana nan a wuyansa, amma amawali ya rufe ta, babu mai gani. Masu wucewa sukan leƙo su ga Malam zaune da allura, su ce ashe Malam ya warke, yaya jiki? Shi kuma ya juyo da kafaɗa a hankali ya ce musu da sauƙi.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya sa wannan takarda ta iso hannunka ba ta tsaya wurin masinja ba. Allah ya saka wa duk wanda ya yi mana ɗawainiya a asibitinku, ya ba marasa lafiyarku lafiya. Allah ya kiyaye muku hannuwanku, kai da likitocinka, don da su kuke cin abinci kamar yadda yayana yake ci da nasa.

Wassalam.

Isiyaku, ƙanin Malam Ɗahiru mai ɗinki,
Kusfa, cikin birnin Zariya.